Sifika Guda a Ɗakin Haya

Ɗakin da na kama haya a Zuru bayan rasuwar maigidana ciki ɗaya ne. In na zauna a bakin gado na miƙe ƙafa, sai ta taɓa kabad ɗin kwanuka. Bangon da ya raba ni da maƙwabciyata bai kai rufi ba, an bar tazara a sama, don haka ko ledar burodi ta buɗe ina ji. Ma'aikaciyar jinya ce, tana yawan kwana a wurin aiki, ta dawo da safe ta kwanta. A ɗakin nan na koyi ajiye cokali a hankali.

Cikin kayan da na taho da su daga ƙauyenmu Manga har da rediyonsa. Ba irin wanda ake ratayawa a kafaɗa ba. Baƙin ƙarfe ne mai hawa biyu, sama wurin kaset, ƙasa amfilifaya. Ya sayo shi tun yana soja, lokacin da aka tura su aiki ƙasar waje. Da sifikoki biyu ya zo, dogaye, kowace ta kai min ƙugu, kuma a bariki suna tsaye ne dama da hagu na ƙofar falo. Da ya yi ritaya muka koma ƙauye, inda wuta ba ta kai unguwarmu ba, sai aka jingine su a ɗakin ajiya. Duk tsawon jinyarsa ban leƙa su ba. Ranar da zan kwashe kaya na ɗaga ɗaya, gindinta ya zauna a ƙasa, sauran ya biyo hannuna. Gara ta gama da su.

Da rediyon ne kawai, da na bar wa ƙannensa. Kaset guda ne ya sa na ɗauko shi. An ɗauke shi a cocin bariki, wata shekara, ranar godiyar kaka. Akwai waƙa a ciki da yarenmu, wadda mata ke tambaya maza na amsawa. Ni nake jan mata. Shi yana layin baya, cikin masu bes, masu kaurin murya. Maigidana ba mai magana ba ne. Sai ya wuni a gida bai faɗi abin da ya wuce gaisuwa da neman ruwan wanka ba. Amma in ya tsaya a layin nan ya buɗe baki, har a bencin da kake zaune kana jin sa. Hotunansa ina da su. Muryarsa kuwa ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan kaset.

Tun da aka binne shi ban sake waƙa ba. Matan zumunta na coci sun zo har ɗaki suna lallashi, na ce musu ƙirjina ne.

'Yata da ke Kaduna ta aiko min da ɗan abin da ta samu, na haɗa da na daddawar da nake sayarwa, na shiga kasuwa neman sifika. Na ɗauka abin zuwa ɗaya ne.

A shagon farko mai shagon ya tare ni tun daga bakin ƙofa.

"Sannu Mama. Na biki ne ko na coci?"

"Na ɗaki ne."

"Falo?"

"Ɗaki. Ciki ɗaya."

Ya ce ba matsala, ya jawo wata mai tayoyi da fitilu masu juyawa, ya haɗa ta da wayarsa, ya murɗa. Na ji abin a haƙorana. Yana magana ina ganin bakinsa kawai, sai da ya sunkuyo kunnena.

"Wannan in kin kunna a nan, har Manga za a ji ki!"

"Ba na so a ji ni a Manga. Daga can na fito. Rage."

Ya rage kaɗan.

"Ƙara ragewa."

Ya yi ta ragewa yana kallona, har muka kai inda ɗakina zai iya ɗauka. A nan babu abin da ya rage a cikinta sai wani ƙaiƙayi-ƙaiƙayi, kamar ana soya ƙwai a nesa.

"Haba Mama, ai kin kashe ta," in ji shi.

Haka na bi layin nan. Kowa ƙarfi yake sayarwa. A garin nan ba a gwada sifika a cikin shago, waje ake fito da ita a juya ta ga titi, in na shagon can ƙetare ya ɗago kai, to ta yi kyau. Ga janareta, ga 'yan kabu-kabu, ga na kusa shi ma ya ƙure tasa don kada a fi shi. Ni kuma abin da nake so in ji ƙasa-ƙasa yake. Na ciro kaset daga jaka a wani shago na ce a gwada min da shi. Mai shagon ya juya shi gaba da baya, ya nuna wa abokinsa.

"Kaset! Mama, ai wanda ya ƙera wannan ma ya mutu."

Na karɓi abina na mayar jaka. Bai san abin da ya faɗa ba, ban kuma gaya masa ba.

Wata a cocinmu ce ta tura ni wurin wani Ibo mai sayar da kayan wuta na hannu a bayan tasha. Ya daɗe a Zuru, har gaisuwar yarenmu ya iya, kuma ashe ya san maigidana, don a wurinsa muka taɓa sayen dutsen guga. Da ya gane ni sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Matar Saje. Na ji labari. Sannu, sannu. Allah ya ba da haƙuri."

Na gaya masa abin da nake nema. Bai yi dariya ba. Ya shiga can ciki, tsakanin tsofaffin firiji, ya fito da wasu ƙanana guda biyu na katako, masu yadi a fuska. Tsayinsu bai wuce kamu ɗaya ba, amma da na ɗaga ɗaya sai na ji nauyi kamar na turmi ƙarami. Ya haɗa da nasa amfilifaya, ya ja ƙofar shagon, kuma da na ce ya rage, ya rage. Wani namiji ne ke waƙa a wayarsa. Ko da aka kai shi ƙasa, ƙirjinsa bai ɓace ba. Na ce su nake so.

Da ya faɗi kuɗin biyun, na miƙe zan tafi.

"Tsaya mana, matar Saje. Ɗauki ɗaya."

"Ana raba su ne?"

"A garin nan wa ke sayen biyu? Mai shayi ɗaya, mai aski ɗaya, mai cajin waya ɗaya. Biyu na masu falo ne. Ke a ɗakin naki ina za ki sa ta biyun, a kan filo?"

Maganar ta shige ni. Mutum ma baki ɗaya gare shi, kuma ana jin sa. Na ce masa a bayan rediyon akwai wurin sa waya guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya ce kowanne na sa duk ɗaya ne, ja a ja, baƙi a baƙi. Ya yanko min waya, ya fere bakinta da haƙori, ya ɗaure min sifikar a kwali.

Na share mata wuri a kan kabad. Na sa wayar a ramin da ya fi kusa da hannuna. Sai jiran wuta. Ba a kawo ba sai washegari da la'asar, kuma Allah ya sa maƙwabciyata ta fita. Na wanke hannu, ban san dalili ba, na sa kaset, na danna.

Muryata ce ta fito. Ta yarinya, mai tsini, ba ta tsoron kowa. Matan suka biyo ni, har na gane wasu da sunansu. Muka yi tambaya, muka tsaya. Inda maza za su amsa, sai wani gunaguni daga nesa, kamar ana hira a gidan da ke bayan naka. Na kai kunne jikin yadin. Akwai maza a can, amma ba za ka ce ga wane ba. Na ƙara murya, matan suka dawo suka cika ɗakin, na rage da sauri.

Na koma bayan tasha da sifikar a kai.

"Ba ta da bes," na ce masa.

"Wannan? Ba a gabanki aka gwada ba?"

"A gabana. Amma a ɗakina mata kawai take fitarwa."

"To ko ta fi son mata ne," in ji shi, yana dariya. Da ya ga fuskata sai ya daina. "Bes kike so? Bari in ba ki uban bes. Ki je ki gwada, in bai yi ba ki dawo da shi."

Wani baƙin akwati ne ya ba ni, sai da ɗan kabu-kabu ya ɗaure shi da roba a bayan babur, ni na bi su a ƙasa. A ɗaki ya cinye wurin da nake ajiye risho. Na sa masa wayar da na cire daga ƙaramar, na kunna da hantsi. Murafan tukwane suka fara rawa a cikin kabad. Kwanon rufi ya ɗauka. Matan kaset suka koma kamar masu mura, mazan kuma suna nan inda suke, a bayan gida, sai dai yanzu wani dum-dum ya rufe su. Ban kai ƙarshen baiti ba na ji muryar maƙwabciyata ta saman bango.

"Mama, don girman Allah. Ban runtsa ba tun jiya."

"Yi haƙuri, 'yata. Na kashe."

Na biya ɗan kabu-kabu ya mayar da shi. Na dawo da ƙaramar.

Daga nan na fara zargin kaset, na ce ko zafi ya ci shi. Sai na zargi kunnena. Abin da ya fi damuna shi ne da na fara zargin kaina. Na ce ko dama can muryar tasa ba ta kai yadda nake tunawa ba? Ko ni ce na ƙara mata girma bayan ya tafi? Ina kwance ina ƙoƙarin jawo ta a raina, sai ta zo min da muryar limamin cocinmu, ko ta ƙaninsa. Mutumin da ya yi wa babana noman golmo, noman neman aure, saboda ni, muka haifi 'ya'ya, na wanke shi da hannuna a ƙarshe, ga shi ina neman yadda yake furta kalma ɗaya na rasa. Na rufe rediyon da zane, na daina kallon wajen.

Wata Asabar ina shara na ga tururuwa sun yi layi a bayan kabad. Na sauke rediyon ƙasa don in goge, wayar ta zame ta fita. Da na gama na mayar da shi, amma sai na juyo bayansa wajen haske don in ga ja da baƙi, na tura wayar inda ta shiga. Ban lura da komai ba.

Ran Lahadi na dawo daga coci na tarar da wuta. Na zauna ina cire ɗankwali, na ce bari dai in ji matan nan, ko ba komai wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Na danna.

Shiru-shiru, da wata siririyar murya can nesa. Na ce shi ke nan, yanzu matan ma sun tafi. Sai na ji an ja numfashi, kusa, a kan kabad ɗina. Kuma ya amsa.

Shi ne. Ya riga sauran shiga da ɗan kaɗan, kamar yadda ya saba, abin da malamin waƙa ya yi ta masa faɗa a kai har ya gaji. Ban ƙara masa komai ba ashe. In ma akwai, ragewa na yi. Na zauna da ɗankwali a hannu har waƙar ta ƙare, kaset ya shiga wata, ya kai ƙarshe, ya tsaya da kansa.

Da na leƙa bayan rediyon na ga wayar a ramin hagu take. A nan na tuna ranar da aka ɗauki waƙar. A cocinmu maza gefe guda suke tsayawa, mata gefe guda, da hanya a tsakani. Mutumin da ya zo ɗauka ya kafa makirfo biyu, ɗaya a gabanmu, ɗaya a gabansu. Shekara da shekaru muna jin kaset ɗin nan a falon bariki, ni ina fitowa ta dama shi ta hagu, ban taɓa tambayar dalili ba.

Murnata ba ta kai yamma ba. Na sake kunnawa, sai na ji abin da ban ji ba da farko: amsa yake yi, ba wanda ya tambaye shi. Wuri ya yi fayau, ya amsa, wuri ya sake yin fayau. Na mayar da wayar dama, ga ni ina tambaya ba mai amsawa. Na mayar hagu. Na mayar dama. Na yi ta yi har yatsana ya yi ja a kan maɓallin. Ko ni ko shi. Waƙar da aka yi ta don a haɗu, na rabe ta biyu da hannuna a bayan tasha, don an ce min masu shayi ɗaya suke saya.

Litinin da sassafe ina ƙofar shagon kafin ya buɗe.

"Ina 'yar'uwarta?"

"Wace?"

"Ta biyun. Wadda ka ce in sa a kan filo."

Ya sosa ƙeya. Ya ce ran kasuwa wani mai aski daga garin Danko ya ɗauke ta. Na gaya masa abin da na gano. Ya riƙe baki.

"Kai! Da kin kawo rediyon na gani."

"Kai ka ce kowane rami ɗaya ne."

"Ga waƙoƙin yanzu ɗaya ne, matar Saje. Wa ya san naku har a cikin kaset ba ku zama tare?"

Na tambaye shi ko za a haɗa ramukan biyu a sifika guda. Ya ce in na yi haka amfilifayan zai ƙone, kuma irinsa ba mai gyarawa a nan. Ya kwatanta min shagon mai askin.

'Yata ta ce a waya kada in bi hanyar Danko, ba ta da daɗi a shekarun nan. Na ce mata to. Washegari na shiga mota.

Ban sha wahalar neman shagon ba, tun daga inda aka sauke mu nake jin sa. Tana rataye a waje, ƙarƙashin rumfar kwano. An buga mata ƙusa ta baya, an cire yadin fuskar, rana ta kode gefe guda. Mai askin na tsakiyar yi wa wani dattijo gyaran fuska, ya ɗago.

"Inna, lafiya? Nan ba mu kitso."

"Sifikarka na zo gani."

"Wagga? Ai ita ka kira min mutane. Tun safe har dare ba ta hutawa."

"Rage min ita."

Ya miƙa hannu ya rage. Da ƙarar ta sauka sai ciwon ya fito fili: duk inda muryar ta yi ƙasa, sai ta yi zzz, kamar ƙuda a cikin gwangwani. Na matsa kusa. Takardar cikin ta tsage daga baki zuwa tsakiya.

"Ta ɗan yi mura," in ji shi, "amma in an ƙure ba a ji. In kina so ki kawo abin da na biya, gam kaɗan za a sa mata."

Dattijon da ke kan kujera ya ce, "Sayar mata, ko kunnuwanmu su huta."

Na shafa gefenta. Katakon iri ɗaya ne da na wadda ke ɗakina, har da ɗan zanen da ke kusurwa. Na yi musu sallama na koma tasha, na jira mota ta cika.

Ibon ya ji kunya, ba zan ɓoye masa wannan ba. Ya tono min wata ƙaramar sifika ta roba, ragowar wani saiti da ya mutu, ya ce in riƙe kafin kaya su zo, in ya samu mai kama da tawa zai ajiye min. Bai karɓi komai ba.

A ɗaki na tsaya da su biyu ina tunanin wa zan ba ta katako. Ban daɗe ba. Na ba shi. Ni na shiga roba.

An kawo wuta da rana, maƙwabciyata na barci, na kunna ƙasa-ƙasa. Mun haɗu, in haɗuwa ce wannan. Muryata ta fito ta hanci, mai kaifi kamar ana kankare tukunya, kuma duk inda muka shiga tare a ƙarshen baiti sai ta hau kansa ta yanka. Na sauke ta ƙasa. Na tura ta ƙarƙashin gado. Na naɗe ta a zane. Na kai ta bayan ƙofa, iyakar inda waya ta kai, wanda a ɗakin nan taku biyu ne. Ko'ina na sa ta tana kusa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban yi ba ko a ranar jana'iza. Na kama wayarta na fizge.

Kaset bai tsaya ba. Mazan suka gama amsarsu, wurin ya buɗe, ina tsaye da waya a hannu. Ban yi shawara ba. Bakina ne ya yi tambayar, a hankali, saboda mai barci.

Muryar ta yi tsatsa. Ban kai saman waƙar ba, na tsaya a hanya, kuma na makara. Kafin in rufe baki ya riga ya shigo, da wurinsa kamar kullum. Baiti na biyu na yi sauri, na wuce. Na uku muka ɗan daidaita.

"Mama?" Ta saman bango ne. "Ke ce?"

"Na tashe ki. Yi haƙuri."

"A'a. Wa ke amsa miki?"

"Maigidana ne."

Na kai hannu zan kashe.

"Ɗan ƙara shi," in ji ta. "Ke nake ji, shi ba na jin sa sosai."

Na ɗan murɗa. Ya ja numfashi zai amsa, aka ɗauke wuta.

Ta robar tana cikin kabad yanzu, tare da murafan da ba su da tukwane. In na bi ta bayan tasha Ibon yakan hango ni ya girgiza kai tun kafin in tambaya, kaya sun zo amma ba irinta. Ban daina tambaya ba. Yarinyar nan ta cikin kaset ita ce ta san inda ake shiga, ita ya saba amsa wa, kuma ina so in ji su tare ko sau ɗaya, ina zaune, bakina a rufe. Kafin nan wayar tana ramin hagu. In an kawo wuta, maƙwabciyata kuma ba ta barci, nakan tsaya a gefen dama na kabad in yi abin da zan iya. Har yanzu ba na kai saman, shi kuma ba ya jira.